Neman Abu Delu a Makka

Tun da na dawo, ƙafar mutane ba ta ɗauke daga gidan nan ba. Wadda ta zo karɓar ruwan Zamzam sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya, ba mu labari." In na kai Yerwa sai wata ta yi sallama ta ce a koma daga Kano. Murya ta dishe, ni kuma ban gama ba ko sau ɗaya. Shi ya sa na sa aka rubuta mini shi daga farko, wadda ta zo a karanta mata, ni in huta.

Ba aikin Hajji kaɗai ya fitar da ni ba, kuma yawancinku kun sani. Ɗan farina, wanda 'yan gida ke ce wa Abba, ya bar garin nan shekara goma sha biyar ke nan. Maigidan, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, kuma mai zafin zuciya. Wata rana ya yi wa yaron faɗa a kasuwa a gaban mutane kan wani nama da ya bari ya lalace. Maimakon yaron ya durƙusa ya yi shiru, sai ya tsaya a tsaye, ya dubi ubansa cikin ido ya ce, "Kai ma ai kana kuskure." Maigidan ya ce kada ya ƙara ganinsa. Yaron ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, ya bi wani ayarin mahajjata, shi ke nan.

Bara waccan wani alhaji ya dawo ya ce ya gan shi a Mina yana fiɗar raguna. Maigidan yana kwance a lokacin, ciwon ajali. Ya kira ni ya ce, "In Allah ya sa kin gan shi, ki ce masa na yafe, ni ma ya yafe mini." Da na fita takaba na sayar da shanuna biyu, ƙanena Sani ya ce zai raka ni, muka kama hanya cikin watan Rajab.

Daga Kano zuwa Yerwa ba wani abin faɗa, sai ciwon baya. Babbar mota ce ta kaya, mu muna bisa buhunan goro, in ta faɗa rami sai ka ji haƙoranka sun haɗu. Daga Yerwa mota ta kai mu bakin kogi, muka ƙetare cikin kwalekwale zuwa Fallomi, ƙasar Faransa. Nan muka yi kwana tara muna jiran motar gabas. Da ta samu, aka cusa ni kusa da wani Balarabe falke mai ƙiba, ya danne mini rabin wuri. Kwana biyu ina shan matsi. A rana ta uku ƙullin daddawata ya kwance cikin zafin rana. Mutumin nan ya toshe hanci da rawaninsa, ya yi ta surutu da yarensa, ƙarshe ya tashi ya koma can bayan mota. Har Abashe na miƙe ƙafata yadda nake so.

Tsakanin Abashe da iyaka motar ta kafe cikin yashi ba sau ɗaya ba. Maza su sauka su tura, mu mata mu ba da tabarmi a shimfiɗa ƙarƙashin ƙafafun motar. Tabarmata ta kaba da na fito da ita sabuwa, a nan ta ƙare.

A Adare, bakin iyaka, aka yi mana lamba a hannu, aka shigar da mu wajen wani malamin ofis ɗaya bayan ɗaya. Tafintansa Babarbare ne. Ya tambaye ni garinmu, na faɗa. Ya ce, "Sunan miji?" Na kama bakin mayafi na rufe baki. Ya sake tambaya, na dubi ƙasa. Malamin ya fara buga tebur. Tafintan ya yi dariya ya ce, "Iya, kullum sai mun yi wannan da matan Hausa. Ina wanda ya rako ki?" Aka kira Sani ya faɗa, ni ina kallon bango.

A Fashir, cikin Sudan, muka sauka gidan wata Bahaushiya da ta shekara ashirin a can tana niyyar ƙarasawa Makka. Ta kawo mana akushi, bisa an shimfiɗa wani abu fale-fale kamar takarda. Na ɗage shi na ajiye gefe ina neman tuwon, ban ga komai ba sai ƙasan akushi. Ta ce, "Yaya, ai shi ne abincin kika ajiye." Kisira suke ce masa, yana da tsami kamar kamu. Da miyar busasshiyar kuɓewa ake ci, kuma kafin mu bar ƙasar na saba da shi har ina nema.

A gidan ne na fara cin karo da bakin yaran gabas. Ina zaune wata 'yar maƙwabta ta shigo da gudu, ta tsaya a gabana tana nuna ni tana cewa, "Habboba! Habboba!" Na ɗauka cewa take ina haɓo. Na kai hannu hanci, na ɗaga kai sama, na ce wa Sani ya kawo ruwa. Matar gidan ta yi dariya har da hawaye. Ashe kaka take ce mini. Kowace tsohuwa a ƙasar kakar kowane yaro ce.

Daga Fashir mota ta kai mu Lubayya, nan muka hau jirgin ƙasa, muka ratsa Hartum har Sawakin a bakin teku. Aka tsare mu kwanaki a karantina, inda ake duba matafiya don gudun cuta, sannan muka shiga jirgin ruwa. Wannan ba zan ba ku labarinsa ba, don ban ga komai ba sai cikin tasar da nake amai. Sani ne ya ga teku. Daga Jidda muka ɗaura harami, mota ta kai mu Makka da hantsi. Abin da na ji da idona ya sauka kan Ka'aba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Wadda ta je ta sani, wadda ba ta je ba Allah ya kai ta.

Masaukinmu a Tandabawi yake, unguwar da Hausawa suka yi yawa. Can Takari suke ce mana. Gidajen na katako ne da fallayen garwa, a jikin dutse, ana hawa kamar akuya. Mai gidan wata dattijuwa ce, Hajiya Zainabu. Iyayenta Sakkwatawa ne amma ita a Makka aka haife ta. Hausarta ta Sakkwato ce tsaf, sai dai kowace magana uku ɗaya Larabci ce. Da safe ta kan aika a sayo gurasa mai faɗi da wani dafaffen wake da suke kira ful, an kwarara masa man shanu, sai shayi cikin 'yan kofuna ƙanana waɗanda ba su kai kurɓi uku ba. Na farko da aka ba ni na ɗauka ɗanɗano ne.

Ranar da muka sauka, ina kwance kaya, sai ga jikarta, yarinya 'yar shekara tara, Safiya. Ba ta durƙusa ba. Ta nufo ni kai tsaye, ido cikin ido, ta cafke hannuna ta kai baki. Na fizge, na ɗauka cizo za ta yi. Hajiya Zainabu ta ce, "La, gaisuwa ta, Hajiya. Ba ta hannu." Yarinyar ta sumbaci bayan hannuna, ta ɗora shi a goshinta, ta ce, "Ya Hala, sannu da zuwa."

Na ce, "Hala me?" Don a wajenmu in an ce hala, to ana shakkar wani abu ne.

Nan ma aka yi mini dariya. Hala a can ita ce 'yar'uwar uwa, kuma duk macen da ta kai sa'ar uwarka Hala ce. Duk namijin da ya kai sa'ar ubanka Ammi ne, wato baffa. Kaka mace Sitti, kaka namiji Sidi, kuma har wa da ya girme ka da shekara biyu, ba ka kama sunansa gatsau sai ka sa masa Sidi a gaba.

Da farko abin bai yi mini ba. Yara su yi ta kallon manya cikin ido, su zauna inda manya ke hira, su sa baki. Na ce a raina, ga irin abin da ya raba ɗana da ubansa ya zama ɗabi'ar gari guda. Amma da na yi mako biyu ina kallo daga bakin ƙofa, sai na fara ganin abin da ban gani ba. Akwai wani tsoho mai kawo ruwa, garwa biyu a sanda bisa kafaɗa, ƙafa duk faso, riga duk faci. Ban taɓa jin yaro ya ce masa "kai mai ruwa" ba. Ɗan attajirin da ke babban gidan dutse na ƙasan layi, in ya gamu da shi sai ya kauce ya ce, "Ya Ammi Bilal, Allah ya ba ka lafiya." Haka mai shara, haka mai kiwon jakuna. Mu yaranmu gwiwa ƙasa suke gaida mai babbar riga, amma ku faɗi gaskiya, me suke ce wa mai tallan itace? A can ban ga babban da ya rasa rabonsa na girma a bakin yaro ba.

In uwa ta kira ɗanta kuwa, sai ka ji ya amsa, "Labbaiki, ya Ummi." Kalmar da muka taho muna faɗa wa Ubangiji tun daga Jidda, ita yaro ke amsa wa uwarsa da ita. Su kuma iyayen, uba ya ɗauki ɗansa ɗan yaye ya ce masa "ya abuya", babana, ya sumbace shi a tsakiyar titi ba kunyar kowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ɗan farin da mu muke ɓoye sunansa, su da shi suke ado. Mace in ta haihu sunanta ya ɓace, ta koma Ummu wane. Namiji ya koma Abu wane. Hajiya Zainabu ita ce Ummu Salihu, ana ƙwala mata shi daga kan dutse tana amsawa da fara'a.

Duk wannan lokacin muna neman yaron nan. Sani ya je wajen shugaban Takari na unguwar, ya je mahautar gari, ya bi zaurukan Kanawa. Ko'ina ya faɗi sunan yanka da sunan uba, sai a ce masa masu wannan suna a Makka sun fi tattabarun Harami yawa. Wani ya ce ya san wani Bakano mahauci amma ya koma Madina. Wani ya ce wanda ya sani ya rasu shekarar da aka yi zazzaɓi. Ranar da Sani ya kawo mini wannan, ban ci abinci ba. Ya zauna bakin ƙofa ya ce, "Yaya, mu yi aikin da ya kawo mu. In yana raye Allah zai haɗa ku, in ba ya raye saƙon ya riga ya isa."

Na ce, "Ba kai aka ba saƙon ba, Sani."

Kwana uku bayan nan ina tsinkar zogale busasshe da na taho da shi, Safiya ta dawo daga makarantar allo ta 'yan mata, ta zauna ta jingina da cinyata kamar ni na haife ta. Ta ce, "Ya Hala, kowa yana da suna sai ke. Wane ne waladinki, ɗanki na fari, in riƙa ce miki Ummu wane?"

Na ce, "Ba a tambayar wannan."

"Don me?"

"Don ba a faɗa."

"Kin manta ne?"

Na ce ban manta ba. Ta dube ni ta ce, "Tayyib, to ke mene ne sunanki?"

A Kano yarinyar da ta tambayi sa'ar kakarta suna ta san abin da za ta gamu da shi. Amma na gaji, kuma yarinyar ba da raini take yi ba. Na ce, "Uwata Delu take ce mini."

Ta tafa hannu. "Delu! Akwai Delu a makarantarmu. Duk Makka ita kaɗai ce, har malama ta ce ba ta taɓa jin sunan ba. 'Yar Ammi Abu Delu ce, mai siriya a unguwar Jarwal."

Na tambayi Hajiya Zainabu mene ne siriya. Ta ce tsire ne, haka Larabawa suka juya shi. Ta ce ta san mutumin daga nesa, amma ita ta ɗauka ɗan Sudan ne, don daga can ya zo da matarsa, kuma ba ya shiga cikin Kanawa. Ta ce ba ta taɓa jin sunansa na yanka ba, kowa Abu Delu yake ce masa.

Zogalen nan ban san inda na zubar da shi ba.

Bayan la'asar muka tafi, ni da Sani, Safiya na gaba. Tun daga nesa na ji ƙamshin ƙuli da yaji. Yara sun kewaye tukubar suna ta "Ya Ammi, ni na riga", "Ya Ammi, ƙara mini yaji", shi kuma yana amsa wa kowa da sunansa. Ya yi gemu, ya yi baƙi, ya sa hula irin tasu. Amma yadda ya karkata kafaɗa yana juya tsinke, na ubansa ne sak.

Sani ya yi sallama ya kira shi da sunan gida. Ya ɗago. Ya dubi kawunsa, ya dube ni. Tsinken da ke hannunsa ya faɗa cikin wuta.

Ni kuwa me na yi? Abin da aka koya mini. Na kawar da kai gefe, na ja mayafi, na ce wa Sani, "Tambaye shi ko suna lafiya." Wata uku ina tafiya, na ƙetare ƙasa uku da teku, ga shi taku biyar tsakaninmu, na kasa dubansa.

Shi bai jira ba. Ya zagayo tukubar, ya kama hannuna biyu ya yi ta sumbata, ya sumbaci kaina, yana kuka kamar yaron goye yana cewa, "Inna, Inna." A gaban yara, a gaban masu wucewa. Ba wanda ya yi dariya. Wani Balarabe mai shago ya fito da kujera ya ajiye mini, ya koma shagonsa.

A gidansa na ba shi saƙon. Na faɗa yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Ya tambaya, "Baba yana nan?" Sani ya girgiza kai. Ya fita bayan ɗaki ya daɗe. Da ya dawo ya ce sau uku yana haɗa kaya zai taho, sau uku yana kwancewa, don bai san da wace fuska zai shiga zauren ba. Ya ce shi ya sa yake gudun Kanawa, kada a kai labarinsa gida a ce ga wanda ya mayar wa ubansa magana.

Matarsa, Halima, 'yar Hausawan Sudan ce, mai hankali. Ta turo mini yara biyu, namiji ƙarami da yarinyar. Uban ya ce, "Delu, zo ki gaida Sittinki." Na ji sunana a bakin ɗana, karo na farko a duniya. Na ce wa Sani, "Tambaye shi, wa ya ce masa ana yanka rago da wannan? Ai laƙabi ne, don na biyo maza. Sunana Hajara."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ban sani ba. Ban taɓa jin kowa ya faɗa ba. Wannan ɗin ma a bakin kaka na tsince shi ina yaro. Da aka haife ta na rasa abin da zan riƙe na gida, sai shi."

Shekara ashirin yaron nan ya yi a ɗakina bai san sunana ba, kuma ni na ɗauka hakan tarbiyya ce. Har yanzu ban ce ba ita ba ce. Amma na zauna a ɗakin nan ina jin ana kiran "Delu, kawo ruwa", "Delu, bar wannan", na rasa ko in ji kunya ko in ji daɗi.

Tare muka yi aikin Hajji. Shi ya riƙe ni a wajen jifa, shi ya yanka mana hadaya. Na koma gidansa na yi wata biyu. Takwarata ta koya mini ƙirga da Larabci, ni na koya mata dama fura. Kullum sai ta tambaye ni don me ba na magana da babanta sai ta bakin wani, in ce mata haka muke yi, ta ce, "Ajib," wato abin mamaki.

Na so ya biyo ni. Sani ya yi masa maganar, ya ce yana da mata da yara da sana'a, kuma yaran ba su san wani gari ba. Ya ce in Allah ya yarda zai zo ya ga kabarin ubansa. Ban matsa ba. Na ga yadda unguwar ta riƙe shi, na ga ba a wulaƙance yake ba.

Ya rako mu har Jidda. A bakin jirgi Sani ya yi gaba da kaya, aka bar ni da shi mu biyu, ba wanda zan ce wa ya faɗa masa. Mutane na ta turereniya, ma'aikacin jirgi na ta ihu a hau. Na ɗaga kai na dube shi sosai, har na ga furfura biyu a gemunsa. Na ce, "Hayaƙin tukubar nan yana cin idonka, ka riƙa matsawa baya. Ka riƙa cin abinci da safe, ka rame. Kada ka daki yaran nan a gaban mutane. Allah ya yi maka albarka."

Ya ce, "Amin, Inna. Sake faɗi."

Na sake faɗa. Sannan na hau.

Tun da na haife shi ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba.